Ƙaya Biyu a Jini Ɗaya

Ni ban iya rubutu ba. Jikata Fuseina ce ke riƙe da biro, ni kuma ina faɗa.

A unguwar Zogbeli na tashi, a gidan kakata Mma Lantana. Da an ci tuwon dare sai mu kewaye murhu, tana gasa mana gyaɗa a sauran garwashi. Ba ta ɗaga murya idan tana tatsuniya, shi ya sa tsoronta ya fi shiga jiki. Akwai guda ɗaya da ba mu so, amma kullum ita muke roƙo.

Ta ce an yi wata shekara da zazzaɓi ya riƙa kwashe yaran wani gari, har masu haƙa kabari suka gaji. Wata mata ta ɗauki jaririnta ta tafi bakin rafi, ta roƙi aljanar ruwa. Aljanar ta ba ta wata lanƙwasasshiyar ƙaya ta ce ta haɗiye. Duk wanda ƙayar ke jininsa, zazzaɓi zai taɓa shi ya wuce, kuma 'ya'ya za su gada. Sharaɗi ɗaya ne: kada ƙaya biyu su haɗu a jikin yaro ɗaya. Matar ta tsira da zuriyarta, aka yi ta aure ana haihuwa, har aka manta wa ke da ƙaya, wa ba shi da ita.

A nan Mma takan tsaya ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ƙila kai ne, ƙila ke ce," in ji ta. "Ba a gani a fuska." Mu kuma sai mu shiga laluben hannuwanmu. Yayana Issa ya ce tawa ta fito a baki, shi ya sa na cika surutu, Mma ta ƙwanƙwashe shi da ludayi.

Na girma na manta. Na auri Malam Yakubu mai ɗinki, Allah ya jiƙansa, bara ya bar ni. Mun haifi bakwai, mun binne uku. Da sanyin damina ya shigo sai hannuwansu su kumbura, su yi ta ihu wai ana sara musu ƙashi. Mata suka ce wabi ne, yaro ɗaya ne ke tafiya yana dawowa. Da na biyu ya rasu, aka tsaga gefen kunnensa kafin a rufe shi, don a gane shi idan ya komo. Ni na riƙe kansa. Da na haifi na gaba, kunnensa na fara dubawa. Kunnen lafiya lau yake, amma shi ma yaron bai kai shekara biyar ba.

Watan jiya Fuseina da Awudu, wanda za ta aura, suka je gwajin jini, na raka su. Nas ta ce ana kiran ciwon da ake dubawa sikila, shi ke kumbura hannuwan yara yana sara musu ƙashi. Rabi daga uwa yake zuwa, rabi daga uba. Mai rabi ɗaya lafiyarsa ƙalau, har zazzaɓin sauro ba ya cika kayar da shi, shi ya sa abin ya yaɗu a ƙasashenmu tun kakanni. Nan na tuna tatsuniyar Mma. Ashe yarana ba su taɓa zama yaro ɗaya ba. Uku ne, kowa da ransa, kuma ni da Malam muka haɗa musu ƙayar.

Takarda ta fito: Fuseina tana da ƙayar, Awudu ma haka. Nas ta ce kowane ciki yana iya tsira, yana iya kamuwa, kuma yanzu akwai magani da kulawa.

Fuseina ta tambaye ni abin da za ta yi. Shekara hamsin na zauna da Malam, ko sau ɗaya ban yi nadama ba, kuma har yau ina jin ihun nan idan hadari ya haɗu. Ba zan zaɓar mata ba. Amma ba za ta zaɓa cikin mantuwa irin ta mutanen garin nan ba.

"Share hawayenki, 'yar nan," na ce mata. "Rubuta sunayen yaran nan nawa uku, kowa a layinsa."

Sule.

Haruna.

Musa.