Hannun Daman Misbahu

Duk faɗin Jigawa ta tsakiya babu wanda ya riƙe zumunci kamar Alhaji Abdulrauf na Aujara. Haka mutanen garin suke faɗa, kuma suna da hujja mai rai, wadda take wuni a zaurensa kowa na wucewa yana gani. Hujjar ita ce ƙaninsa Misbahu, wanda Alhaji ya ɗauki nauyin cinsa da shansa tun ranar da ya rasa hannunsa na dama. Abin da ba a cika haɗawa da labarin ba shi ne, injin niƙan Alhajin ne ya ci hannun.

A shekarar da aka ƙirƙiro jihar abin ya faru. Misbahu yana saurayi, shi ke tsaron injin. Bel ɗin ya daɗe yana zamewa, sai Alhaji ya sa aka cire murfinsa, don a riƙa mai da shi da hannu ba sai an kashe injin an bar mata a layi ba. Wata ranar kasuwa bel ya kama hannun riga, ya ja. A asibitin Jahun aka gyara abin da ya saura, daidai wuyan hannu. Injin kuwa bai rasa komai ba. An wanke shi, ya ci gaba da niƙa.

A gidan Alhaji maza tare suke cin tuwo. Ranar farko da Misbahu ya miƙa hagu cikin kwano, sauran hannayen suka tsaya. Kowa ya san aikin da hagu take yi a bayan gida. Da gari ya waye Zulaihatu, matar Alhaji, ta ware masa kwanonsa, ta ɗiga masa jan fenti a gindi kada ya haɗu da sauran. Aka ce wannan ma gata ne.

Ya gwada kasa goro a bakin zaure. Mutane su tsaya, su yi masa sannu har da girgiza kai, su wuce su saya a gaba, domin an hore su tun suna yara ba a karɓar abin kaiwa baki daga hagu.

"Kai me ka rasa a gidan nan?" in ji Alhaji. "Ka zauna a inuwa. Ko ladan da nake samu kake yi wa baƙin ciki?"

In baƙi sun zo, Alhaji ta zauren yake biyo da su, ya ɗaga hannun rigar Misbahu da kansa ya nuna musu dungulmin. Su ce Allah ya saka wa Alhaji da alheri. Misbahu ya ce amin, don shi ma aikinsa ke nan.

Wahalar man fetur ta zamanin soja ita ta fitar da shi. Ya lura da wani abu da masu hannu biyu ba su da dalilin lura da shi, wato tankin babur ba ruwansa da hannun da ya zuba masa mai. Ya hau motar Dutse ba sallama. A lokacin garin ya cika da ma'aikatan da aka kwaso daga Kano, kowa a bayan acaba, gidajen mai kuma a rufe. Ya shiga cikin 'yan bumburutu a kan hanyar sakatariya. Da farko ya yi ta ɓarin mai, har ya iya: ya danne jarka da gwiwoyi, ya tokare mazurari da dungulmin, ya tsiyaya da hagu. Ya kama ɗaki. Ya shekara yana cin guminsa, ya sake shekara, babu wanda ya ɗaga masa hannun riga.

Sai shari'a ta zo. Rediyo ya kawo labarin an yanke hannun ɓarawo a wata jiha, mutane kuma suka matsu su ga irin abin da idonsu. Isah, mai sayar da mai a gefen Misbahu, wanda feturinsa ba ya rabuwa da warin kalanzir, shi ya taimaka musu.

"Ku dai duba inda aka yanke," yake ce wa 'yan acaba. "Ga shi hannun dama, ga shi daidai wuyan hannu. Ni ban ce komai ba."

Wani ya tuna cewa ai tun kafin shari'a suka san mutumin da dungulminsa. Nan take aka warware masa: a Saudiyya aka yi, can sun daɗe da farawa. Misbahu bai taɓa wuce Kano ba. Ya rantse, ya kwatanta injin, ya kwatanta bel. Aka ce dama kowane ɓarawo da injinsa.

A masallaci na kusa da shi suka koma shiga sahu da takalmansu a hammata. 'Yan acaba su tsallake shi su tsaya wa Isah. Mai gidan da yake haya ya sa wa akurkin kaji kwaɗo, ya kuma fara zancen yana bukatar ɗakin. Jarkokinsa suka wuni a rana ba a taɓa su ba, hanyar Aujara kuma ta fara matsowa.

Ana cikin haka Alhaji ya sauka daga mota cikin babbar riga. Misbahu ya miƙe, zuciyarsa ta yi sanyi. Ga mai injin da kansa, kalma ɗaya ta isa.

Ɗan'inna, babban 'yan acaban wurin, ya kashe babur ya matso. "Alhaji, kai ne yayansa? To raba mu da gardama. Hannun nan, me ya ci shi?"

Alhaji ya sunkuyar da kai, ya ja carbi, ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya sha wahalar ɗan'uwa.

"Abin da ya wuce ya wuce, 'yan samari. Allah ya shirye mu baki ɗaya. Ni dai na zo in tafi da shi gida ne, in rufa masa asiri."

Bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Isah ya tafa hannu. Alhaji ya juyo da murya mai taushi. "Tattara mu tafi, Misbahu. Kwanonka yana nan, Zulaihatu ba ta bari kowa ya taɓa shi ba."

Misbahu ya dubi yayansa. Ya hango zauren, da tabarmar da yake wuni a kai, da jan fentin nan. Ya auna su da sunan da ake neman laƙaba masa, ya ga sunan ya fi sauƙin ɗauka da hannu ɗaya.

"Yaya, a gai da mutanen gida," ya ce. Ya naɗe hannun rigarsa da kansa har gwiwa, ya ɗaga dungulmin sama. "Ɗan'inna, ka ji daga bakin yayana. An yanke. To ina tambayarka, mutumin da ya san zafin wuƙar nan, ga shi hannu ɗaya ya rage masa, shi zai zuba maka kalanzir a fetur? Mai hannu biyu shi ke da na kasada."

Yana faɗa yana kallon Isah. 'Yan acaba ma suka kalli Isah, wasu har da shaƙar iska.

Ɗan'inna ya fashe da dariya. "Wallahi ɓarawo ya faɗi gaskiya! Kai Isah, shi ya sa babur ɗina yake tari kamar tsohon mashayin taba. Ɓarawo, cika mini tanki."

Wani mai gemu a cikinsu ya ƙara da cewa ai wanda aka tsayar wa haddi ya riga ya tsarkaka, ya fi su duka tsafta. Layi ya kama. Alhaji ya tsaya a gefe har ya gaji, babu wanda ya ce Allah ya saka masa, ya nemi motar Jahun. Isah kuwa ya koma bin mutane yana rantsuwa cewa inji ne ya ci hannun, shi ya ji daga majiya mai tushe. Aka ce hassada ce.

Sunan ya zauna. Man Ɓarawo ya yi suna daga sakatariya har tasha. Da gidajen mai suka buɗe, ya koma sayar da baƙin mai da kayan babur a shagon kansa, masu ciniki suka biyo shi. A masallaci ba a daina riƙe takalmi ba in yana kusa, amma shi ake bar wa ajiyar babur in za a yi tafiya. A Aujara ana nan ana yabon Alhaji, wanda ya bi ƙaninsa ɓarawo har Dutse, ƙanin ya ƙi biyo shi.

Misbahu har yau shi kaɗai yake cin abinci. Kwanon dai shi ya saya.