Ranar da Inna Ta Kira Sunana

A makarantarmu ta Malumfashi, malamin Turanci ya taɓa rubuta mana wata doguwar kalma a allo, ya ce ma'anarta tsaurin ido. Wai daga harshen Rumawan dā aka aro ta, kuma tushenta goshi ne: mutumin da ke turo goshi inda mai kunya zai sunkuyar da kai. Na ce a raina, oho, su a goshi suka ajiye abin, mu a ido. Abin haushin, malamin nan dai shi ya hore mu cewa in babba ya shigo a miƙe tsaye, in yana magana a dube shi.

Da aka ba mu hutu lokacin cirar auduga, na koma ƙauyenmu can wajen Kafur. Kakana ya shigo tsakar gida, ni kuwa uwar iyayi, maimakon in durƙusa sai na miƙe ƙiƙam na zuba masa ido, ina jiran yabo. Ya juya ya fita. Washegari ya aiko cewa boko ya isa haka, ga gona can tana neman hannu. Babana kuwa ba ya musu da shi. Na yi kuka har na gode Allah, don ina son makarantar nan kamar raina.

Ni 'yar fari ce, kuma a wurinmu uwa tana kunyar ɗan fari. Inna ba ta kiran sunana, sai "ke" ko "yarinyar nan". Ba ta yabona, ba ta shiga maganata gaban mutane. Surukinta kuwa, wato kakana, ko hanya ba ta yarda ta haɗa su. Don haka ban ma sa rai da ita ba.

Wata rana da hantsi kakana yana zaune a gindin rumbu, ana ɗura auduga a buhu, mata cike da gida. Inna ta jingine taɓarya, ta je ta durƙusa gabansa, ta ambaci sunana ɓaro-ɓaro, kowa yana ji.

"Baba, abin da aka koya mata ta yi. In laifi ne a doke ta, amma don Allah a bar ta ta koma."

Kakana ya dubi ƙasa, ya ce to, ya ji.

Na koma makaranta. Amma matan ƙauye, masu bakin tsiya, ba su bar Inna ta sha ruwa ba. In ta doso rijiya sai a kama zunɗe, wai ga mara kunyar da ta kira sunan 'yar fari gaban suruki. Har gidan biki ta daina zuwa. Ni ina can aji hankalina kwance, ban san komai ba, sai bayan rasuwarta ƙanwarta ta gaya mini.

Har ta bar duniya ban sake jin sunana a bakinta ba, kuma wallahi babu wanda ya taɓa kiransa ya yi mini daɗi kamar ranar.