Tukunyar Saje

Babanmu shekara talatin da biyar ya yi a soja, amma in yaran unguwa suka tambaye shi mutum nawa ya harba, sai ya ce, "Harbi kuma? Ni nake cika musu ciki su je su yi harbin." Kuku ne. Ya kai muƙamin saje, kuma har ya bar duniya duk unguwarmu ta Kusfa Saje ake ce masa, har limamin masallacinmu.

Ranar da ya yi ritaya ya dawo gidanmu na gado a cikin birni, akwatin ƙarfe ɗaya ya zo da shi, sai wata ƙatuwar tukunya mai ƙafa uku da ya saya da kuɗinsa. Sai da aka cire ƙyauren zaure ta shiga. Gwaggo, yayarsa, ta tsaya riƙe da haɓa.

"'Ya'yan mutane suna dawowa daga soja da lambar yabo, kai ka dawo mana da abin kunya mai ƙafa uku."

"Yaya, lambar yabo ba ta maganin yunwa," in ji shi.

Matsalar Baba ɗaya ce: bai iya girkin mutum bakwai ba. Hannunsa mutum arba'in ya sani. Juma'ar farko da ya ce Umma ta huta yau shi zai yi dafa-duka, mun ci har muna nishi, tukunya ko rabi ba ta yi ba. Haka muka dinga rabawa gida-gida. Dattawan unguwa da farko dariya suka yi, wai namiji da ludayi, a cikin birnin Zazzau! Ba a yi wata biyu ba sai ga su suna biyowa ta ƙofar gidanmu bayan an sauko daga masallaci, wai sun zo gaisuwa. Gaisuwar kuwa ba ta ƙarewa sai an fito da faranti.

Ƙaramin girki ɗaya tak ya koya, shi ma don Umma. Tana da gyambon ciki, ba ta cin yaji, sai ya sayi 'yar tukunya kamar ta wasan yara yana yi mata nata daban. Ya kusa shekara yana ƙona shi kafin ya gane kansa. In ya sauke, ita yake fara kai wa, ya ƙame a ƙofar ɗaki ya ce, "Kwamanda, a duba." Ita kuma ta ce, "Saje, don Allah yara suna kallo." Kullum haka, ba ya fasawa, ba ta fasawa.

Ni ce nake shiga rumfar girkin tare da shi tun ina aji ɗaya a sakandare. Ni na san awonsa: kwanon soja nawa na shinkafa, ruwa ya tsaya a ina, yaushe ake zuba daddawa. Gishiri ne kawai ba ya bari na taɓa. Da kansa yake watsawa, kuma duk sanda ya ɗebo sai na ga hannunsa yana rawa. Na ɗauka tsufa ne.

Wata Juma'a ina yanka albasa ya ce, "Miƙo gishiri." Na juya ke nan na ji ƙarar ludayi a ƙasa. Da na waiwayo yana kwance a gefen murhu, idonsa a buɗe. An ce har bakin titi an ji ihuna, ni ban sani ba. Kafin maƙwabta su kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Allah Ya jiƙan Baba.

Tun daga ranar ban sake taka rumfar nan ba. In zan je rijiya sai na zagaya ta bayan ɗakin Gwaggo. Ko cokali ya faɗi sai na zabura. 

Da sadakar arba'in ta matso, Gwaggo ta ce a kira masu girkin biki daga unguwar Tukur-Tukur, in sun gama su tafi da tukunyar gaba ɗaya, tunda mai ita ya tafi. Umma da ke takaba ta ɗago kai ta ce ita dai abincin Saje take so a ci ranar, ko da sau ɗaya ne. Duk suka dube ni. Na ce ba zan iya ba.

"To shi ke nan," in ji Gwaggo. "In hantsi ya yi ba a hura wuta ba, zan aika musu."

Ranar sadakar da sassafe sai ga Baba Kofur. Abokin Baba ne tun suna kurata, Kirista ne mutumin Wusasa, duk Juma'a yake zuwa a keke ya ci ya kushe girkin, sannan ya nemi ƙari. Ya ɗauro itace a bayan keken. Na kai masa ruwa a zaure, rabi ya zube a hanya. Ya kalli hannuna, sai kawai ya fashe da dariya.

"Kai! 'Yar Saje, gado kika yi."

Na ji haushi har na ce, "Baba Kofur, abin dariya ne?"

"Zauna ki ji. Lokacin da aka tura mu ƙasar waje kwantar da tarzoma, bam ya taɓa sauka kusa da kicin ɗinmu. Ubanki bayan tukunya ya shige, haƙoransa suna kaf-kaf kamar mai zazzaɓi. Mu muna da bindiga, shi ludayi. Duk bataliya ba wanda ya kai shi tsoro, wallahi. Amma ko sau ɗaya abinci bai makara ba. In muka tsokane shi sai ya ce hannu mai rawa ya fi iya barbaɗa gishiri. Tun daga nan bai sake ɗibar gishiri hannunsa a tsaye ba."

"Bai taɓa faɗa mana ba."

"Ya faɗa muku ku raina shi? Tashi, itacen nan ba kyauta na kawo ba, da cikina na zo."

Ba zan ce tsoron ya tafi ba, don bai tafi ba. A bakin rumfar na tsaya har Baba Kofur ya gama hura wuta. Ludayin yana rataye, wani ya wanke shi. Na shiga da bismilla, ina kauce wa gefen murhun nan. Gwaggo ta jawo turmi ta kife ta zauna, tana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye ta. Na auna shinkafa da kwanon soja. Na ɗora 'yar tukunyar Umma a gefe. Da aka zo gishiri hannuna ya kama kakkarwa kamar ba nawa ba, hawaye yana zuba, haka na watsa.

Na Umma na fara kaiwa. Na tsaya a ƙofar ɗaki na ce,

"Kwamanda, a duba."

Ta karɓi kwanon. Sannan ta kai loma, ta tauna, ta share ido da bakin hijabi.

"Gishiri ya ɗan yi yawa."

Gwaggo ta leƙo daga bayana. "Ai haka nasa yake! Shekara da shekaru ba wanda ya iya faɗa masa."

Ranar ce Umma ta fara dariya tun rasuwar. Maganar masu girkin biki kuwa, Gwaggo ba ta sake tayar da ita ba, sai ma cewa ta yi, wa zai sake wahalar cire ƙyaure don a fitar da tukunya?

Juma'a uku ke nan ina dafawa. Har yanzu sai na tsaya a bakin rumfa na ja numfashi kafin na shiga. Ludayin kuwa na ɗaure shi da igiya a jikin ginshiƙi, don ko ya suɓuce mini kada ya kai ƙasa.