Ba Ta Ce In Koma Ba

Har yau in na tuna da Afrilun nan na gab da azumi sai in ji wuyana ya ɗau zafi. Shekararmu ta huɗu ke nan a Dubai, a unguwar Abu Hail, a gida mai ɗaki biyu a hawa na uku, ni da maigidan da yara biyu. Watan ya zo mini a cushe. Babban yaron yana jarrabawa, in ban zauna a kansa ba littafin ma ba zai buɗe ba. Matanmu 'yan gida sun ɗora mini girkin walimar sauka ta islamiyya, wai ni ce mai hannu, kamar su nasu hannayen a Kano suka baro. Ga suna a gidan maƙwabciya, ga sabunta bizar yara ana ta aika ni daga wannan taga zuwa waccan, ga aikina na rabin yini a kantin magani. Maigidan kuma ya dawo ya miƙe ƙafa ya ce, "Yau me kika yi ne?" Allah ya taimake shi ranar babu ludayi a hannuna.

Duk wannan na shanye. Abu ɗaya na sa a raina, ranar al'adu ta makarantar ƙaramar. Shekararta takwas, ita kaɗai ce 'yar Najeriya a ajinsu, kuma ita aka zaɓa ta riƙe tuta a jerin ƙasashe, ranar Alhamis da ƙarfe goma. Na ɗinka mata riga da zane na atamfa. Ɗankwalin ne ya gagare ta, in ta ɗaura sai ya zame ya rufe mata ido.

"Umma, ke za ki ɗaura mini," in ji ta. "Ba malama ba, ba kowa ba. Irin naki mai tsayin nan."

Na ce mata tara da rabi ina bakin ajinsu. Ta sa na maimaita har sau biyu. Na nemi hutun ranar a wurin aiki, aka ba ni da ƙyar.

Ana saura kwana uku yayar maigidan ta sauka daga Kano, ta zo sarin kayan sallah. Babu waya, babu saƙo, sai ƙwanƙwasa ƙofa muka ji. Mace ce mai jiki da murya, shekarata goma sha biyu a gidan ƙaninta amma har gobe "amarya" take ce mini. Na kwashe yara daga ɗakinsu na ba ta. Na gaya mata zancen taron tun ranar da ta zo, ta ce, "Allah sarki, Allah ya yi albarka."

Ranar Alhamis yarinyar ta bi motar makaranta tun shida da rabi, kayanta a jaka. Ni ina kicin ina suyar masar da zan kai teburin Najeriya. Wajen takwas da kwata sai ga Yaya ta fito ta sha mayafi, turare kamar an fasa kwalba.

"Amarya, zan leƙa kasuwar Al Buteen wurin masu abaya."

"To Yaya, a dawo lafiya. Bari in taka miki."

Bakin nan nawa! Na kashe wuta, na zura hijabi a kan zanen girki, na saka silifas, na ɗauki makulli. Waya tana kan firji, jakata tana ɗaki. Ina zan je da su, rakiyar taku goma?

Kowa ya san yadda rakiya take. Mai raka babba ba ya juyawa don kansa. Sai wanda ake rakawa ya tsaya ya ce, "To, koma haka, na gode." Da ranƙwashi uwata ta koya mini wannan, ranar da na raka wata ƙawarta zuwa zaure na juyo da gudu. Tun daga ranar ban ƙara juya wa babba baya ba sai ya sallame ni.

A bakin ƙofa Yaya ta miƙo mini jakar hannunta, na karɓa. Muka isa bakin lif, na ɗan ja baya ina jiran kalmar. Ba ta ce ba. Wani ƙishin-ƙishin na danginsu take ba ni, ta shiga tana magana, na bi ta. Muka sauko ƙasa, na tsaya a ƙofar ginin. Ba ta ce ba. Muka taka har bakin titi, na tare mata tasi, na buɗe ƙofa, na miƙa jakar. Maimakon ta karɓa sai ta matsa ciki.

"Shigo ki gaya masa inda za shi, ni ba na jin yarensu."

Na sunkuya na gaya wa direban daga waje. Motoci suka taru a bayanmu suna ham, direban yana azalzalata da Larabci, "Yalla, madam, yalla!" Yaya tana dukan kujera da tafin hannu, "Shigo mana, amarya, kin tsayar da mutane." Sai ga ni a cikin mota, da silifas, ina ƙamshin man gyaɗa.

Ina kallon agogon motar ina lissafi. Takwas da rabi. In na ajiye ta a bakin shago na juyo, zan kai. Haka na yi ta lallashin kaina kamar wawuya.

A Al Buteen ta shige shagon farko ta zauna, ta cire takalmi, aka kawo mata shayi. Ta sa aka sauko da abaya ta kai ashirin. Ni ce tafinta, ni ce mai riƙe jaka, ni ce mai ɗaga riga a gaban madubi. Agogon bangon shagon ya nuna tara da minti biyar.

"Yaya, yau ne fa taron 'yarki."

"Au, Allah sarki! Yanzu-yanzu. Tambaye shi baƙar nan akwai mai duwatsu a hannu?"

Kun ji fa. "Yanzu-yanzu." Ba "koma" ba. Na tsaya zuciyata tana tafasa, ina murmushi, ina fassara "shwayya, shwayya" da "khalas", wato "sannu-sannu" da "shi ke nan", tsakanin mutum biyu da babu wanda yake sauri a cikinsu. Mace da digirina, wadda take tsawata wa masu kawo takardar magani ta bogi, na kasa buɗe baki in ce na tafi. Ta bar shagon ba ta sayi ko ɗaya ba, wai yadin bai da nauyi. Ta shiga na biyu, na bi ta kamar akuyar da aka ja da igiya.

Goma saura kwata haƙurina ya ƙare. Na dire jakar a kan teburin shagon.

"Yaya, don girman Allah ki sallame ni."

Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa.

"Au, dama jira kike? Ikon Allah. To wa ya riƙe ki, amarya? Ke da ƙafarki kika biyo ni, na ce ko kina son ganin kasuwa ne."

Wa ya riƙe ni! Na rantse da na buɗe baki a lokacin da aurena bai kai azumi ba. Abin da ya fi ci mini rai, dole na tsaya na roƙe ta kuɗin mota, ta buɗe jakar da na yi awa ɗaya da rabi ina rungume da ita tana laluben canji a hankali, tana cewa yaran zamani ba su da haƙuri.

Ban koma gida ba, masa ta zauna inda take. Na ce wa mai tasi makaranta, can wajen Muhaisnah, ya taka. Titi ya cushe. Na zagi danja a raina, na zagi maigidan da yake ofis cikin sanyi bai san ana yi ba, na zagi kaina fiye da kowa. A ƙofar makaranta mai gadi ya ce sai na nuna katin iyaye. Ya kalli silifas ɗina, ya kalli hijabin da man suya ya ɗiga a kai, ya ɗauka mai aikin wani gida ce. Sai da aka kira malamar ajinsu ta zo ta shigar da ni. Sha ɗaya saura minti ashirin.

Ana ta kwashe kujeru a fili. Malamar ta gaya mini a hanya, a hankali, ba da faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta ce ta nemi ta ɗaura mata, yarinyar ta ƙi. Wata uwa 'yar Sudan ta ce ta iya, ta ƙi. Ta ce uwarta tana hanya. Suka mayar da Najeriya ƙarshen layi don su ba ni lokaci. Da layi ya ƙare ta ce ba za ta fita da kai a buɗe ba, sai malamar ta ɗauki tutar da kanta ta zagaya.

Na same ta a kan benci a bakin aji, cikin atamfarta, ɗankwalin a ninke a cinyarta. Ba kuka take ba. Na durƙusa a gabanta na miƙa hannu zan ɗauka, ta danne shi da tafinta.

"Ina kika je?"

"Gwaggonki na raka, uwata. Ba ta san hanya ba."

Ta dube ni, ta dubi ƙafafuna.

"Ita ba ta da tata uwar ne?"

Ta tura ɗankwalin cikin jaka, ta ja zif, ta tashi ta shige aji.