Malama Salomi Mai Fasassun Tabarau

Kullum da safe, kafin masu ƙosan unguwar Bulumkutu su sauke kaskon farko, Malama Salomi Pindar tana bakin titi tana jiran bas, jakarta cike da fasassun tabarau na rana. Masu sayar da su a unguwar Gwange sun san ta sarai. "Ga mai sayen na banza ta iso!" Ita kuwa ko a jikinta. Sai ta ɗora gilashi kan gilashi, ta juya, ta zaɓi wanda ya yi mata.

Mu da ta koya wa fiziks a makarantar 'yan mata mun san amfaninsu. Za ta miƙo miki gilasai biyu, ki haɗa su ki dubi taga ta cikinsu, ki juya ɗaya a hankali, sai haske ya ɗauke ɗif. "Kun gani? Haske ma yana da gefen da yake kaɗawa." Daga nan sai labarin sama: akwai tauraron da ya fashe tun da daɗewa, ya bar ƙwaya mai juyi da gudu, wurin yana feso hasken eksire irin na hoton ƙirji. Masana sun harba na'ura can sama, sun auna gefen da wannan hasken yake kaɗawa. Wata rana ƙawata Kaltum Madu ta ce, "Malama, ke kin taɓa gani?"

"Ban gani ba, 'yata. Amma ke me zai hana ki?"

Malama, ke ce kika tsaya da ƙafarki a 1984, lokacin da malaman kwantiragi suka koma ƙasashensu aka ce a rufe ajin fiziks. Ke ce kika kwashi azuzuwan duka ke kaɗai, har muryarki ta dishe. Wallahi mun sha faɗanki, kuma muna sonki a haka.

Yanzu idonta ya yi rauni, allo ma da ƙyar take gani, ta ajiye aiki. Ba a samu wanda zai maye gurbinta ba, zancen rufe ajin ya sake tasowa. Da na je gaishe ta, ko ciwon ba ta ambata ba. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ladi, wa zai shiga ajin nan ranar Litinin?"

Mun gode, uwarmu, Allah Ya saka miki da alheri. Ki kwantar da hankalinki, ajin ba zai rufu ba. Ni zan shiga ranar Litinin, Kaltum ma ta ce tana tafe. Sauran ɗalibanta, saura ku.