Jitar da Aka Shanya a Rana

Sunan maigidana Hambali. Shekara ashirin da shida muna tare bakina bai taɓa kama sunan nan ba, Malam nake ce masa. Yanzu da yake ƙarƙashin ƙasa, Allah Ya ji ƙansa, na rubuta shi a takarda. A ƙauyenmu, yamma da Bunkure, Hambali Mai Garaya ake kiransa.

Gajere ne mai faɗin hannu, ba ya son hayaniya sai in shi ne a tsakiyarta. Da damina manomi ne kamar kowa. Da rani kuwa maharba ba sa fita farauta sai da shi, ba a kuma kai amarya sai an aiko masa da goro. Bai taɓa yi wa 'yan bori kiɗa ba, kuma da ya ji kiran salla zai kife garayar a cinya ko da waƙa tana tsaka. Shi ya sassaƙa abarsa da hannunsa, ya rufe ta da fatar gada, ya ɗaura mata tsirkiya biyu. Kullum kafin ya taɓa ta sai ya jingina ta a jikin danga ta sha hantsi, don fata in ta ji sanyi saki take yi, muryar ta dushe. In ta ɗumama ya ɗalle ta da yatsa, ta ce kam, sai ya yi murmushi. Duk mai kiɗa da fata haka yake yi.

Sai ruwan noman rani ya zo. Katafila ta share dajin da ake farauta, aka haƙa kanal, aka yanka fili aka raba. Rani ya zama lokacin alkama da tumatir, babu mai zaman jiran kiɗa. Mun samu abinci, alhamdu lillahi, ban raina ba. Amma goron da ake aiko wa Malam ya yi ta raguwa.

Yana da ɗan kawu, Isiyaku, wanda ya ba shekara biyu. Abokan wasa ne, kowa na cewa ɗayan bawansa ne. Isiyaku ya ɗan zauna a elementare a Kura, ya san lamba, don haka da aka zo ɗaukar masu buɗe ƙofofin ruwa shi aka ɗauka, aka bar Malam. Aka ba shi kaki da keke da wani ƙaton makulli. Ranar da ya fara zuwa gidanmu a kan keken, Malam ya ce bawa ya samu jakin ƙarfe, aka yi ta dariya a ƙofar gida. Da Malam ya shigo na ajiye masa tuwo, loma biyu ya yi ya ture kwanon.

Shekara biyu da zuwan ruwan, wata rana bayan la'asar, ina tankaɗe a bayan zaure, na ji ƙararrawar keke.

"Bawana, shawara na zo nema," in ji Isiyaku.

"Yau kuma? Mai keke yana neman shawarar mai tafiya a ƙasa?"

"Bar wasa. Injiniyan nan Bature mai jan gemu zai koma ƙasarsu, yana sayar da kayansa a Kadawa. Akwai wata jita a ciki."

"Mece ce kuma jita?" Ya san ta sarai, yana jin ta a rediyo.

"Garayar Turawa mana. Amma wannan tsirkiyarta goma sha biyu."

"Goma sha biyu! Kai da yatsu goma? Sauran biyun da haƙori za ka ja, ko matarka Kulu ce za ta riƙa taya ka?"

"Bibbiyu suke, a haɗe ake danna su. Tsohuwa ce, kukunsa ya ce ta mahaifin Baturen ce, ta girme ni. Abin da ke ba ni tsoro ke nan. Ni ban san itace ba, kai ka sani. Zo ka duba min. In ka ce a saya in saya, in ka ce a bari in bari."

Malam ya kawo dalilai sun fi tsirkiyoyin yawa. Ya ce tsohon abu gara ta cinye shi ta ciki. Ya ce in tsirkiya ta tsinke sai an je Sabon Gari a Kano, wataƙila ma babu. Ya ce mai hankali keken ɗinki zai saya wa iyalinsa. Isiyaku ya ce duk ya ji, a dai je a gani. Washegari Malam ya sa rigarsa ta Juma'a, ya hau bayan keken da ya yi wa dariya, suka tafi.

Ba mai ba ni labari ba ne, amma ran nan da ya dawo ya zauna a bakin murhu ina hura wuta, ya yi ta magana. Ya ce launinta kamar zuma, kusa da ramin cikinta itacen ya goge saboda hannu. Ya ce ya ɗaga ta ya saita ido a wuyanta kamar mai duba bindiga, ba lanƙwasa ko kaɗan. Ya ƙwanƙwasa cikin ko'ina, ya sa hanci a ramin ya shinshina, babu gara, babu ruɓa. Sannan ya ja yatsa a kanta sau ɗaya.

"Saude, sai ka ce mutum shida ne ke kiɗa, kowa da mai amsa masa."

"To me ka ce masa?"

"Na ce ya saya. Me zan ce? Itace zan yi wa ƙarya?"

Ya kalli wuta. Can ya ce, "Amma duk da gam aka haɗa ta. Ba ƙusa, ba ɗauri. Ɗan itacen nan da ke riƙe gindin tsirkiyoyi, jakin, manna shi kawai aka yi a cikinta, ga ƙarfe goma sha biyu suna jansa. Wuni ɗaya a ranar bazara ya ishe ta. Baturen ma a ɗaki mai duhu yake ajiye ta."

"Ka faɗa wa Isiyaku?"

"Zan faɗa masa."

Isiyaku ya sayar da alkamarsa ya sayi jita. Gaskiya bai iya ba. Danni uku kukun Bature ya nuna masa, su yake ta juyawa. Amma abar tana da murya ko a hannun wanda bai iya ba. In ya rufe ruwa da yamma sai ya zauna a kan kwalbati, samari su kewaye shi, mata masu ɗiban ruwa su riƙa jinkiri da tulu a kai. Daga tsakar gidanmu ana jiyowa. Da ta fara sai Malam ya tuna yana da igiyar da zai tufka a bayan gida, ko ya tambaye ni wa ya motsa masa fartanya, alhali tana inda ya ajiye ta.

Bikin ɗan Dalhatu mai nama ne ya ƙarasa abin. An gayyace su su biyun. Malam ya shimfiɗa tabarmarsa ya fara, mutane suka taru kamar da. Isiyaku ya zauna can gefe ya ja tasa, a hankali ma. Matasa suka riƙa zamewa ɗaya-ɗaya har aka bar Malam da tsofaffi huɗu, ɗayansu ma kurma ne. Tun kafin magariba ya dawo gida. Na ce har an tashi? Ya ce kansa ke ciwo.

Bayan an gama girbin alkama, zafi ya kai inda ƙasa ke ƙona ƙafa, Isiyaku ya sake zuwa. Ina wajena na kullum da rariya.

"Bawana, muryarta ta dushe. Ba ta ƙara kamar da."

Ni da na gan ta a hannunsa da zai shiga zaure na lura tsirkiyoyin sun yi baƙi, tsatsa ce ta gumin hannu. In ni na gani, Malam ya riga ni.

"Ina jin laimar bakin kanal ce ta shige ta," in ji Isiyaku. "Ko in shanya ta, yadda kake yi wa taka?"

Na tsayar da rariyar.

"Mu dai haka muke yi wa garaya," in ji Malam.

"Har zuwa yaushe?"

"Sai ta yi zafi."

Ko tari na yi a lokacin da ya san ina ji, da wataƙila ya gyara maganar. Ban yi ba. Na ci gaba da tankaɗe. Wannan nawa ne, ina neman gafarar Allah a kansa.

Washegari Isiyaku ya ɗora ta a kan rumfar kwano da hantsi, ya tafi buɗe ruwa. Kulu ta ce min ana kiran azahar ta ji wata ƙara kamar an harba bindiga, kaji suka watse. Jakin ya ɓalle ya tafi da fatar itacen, cikin ya tsage, tsirkiyoyi suka yi cirko-cirko. Da yamma ya kawo ta gidanmu a naɗe cikin zane, rungume a ƙirji.

"Na bar ta ta daɗe ne," ya ce. "Laifina ne. Kai ka ce sai ta yi zafi, ni na bar ta har ta dahu. Duba min ko za ta gyaru."

Malam ya karɓa, bai ɗago ido ba. Sati uku ya yi a kanta. Ya dafa ƙaro, ya huda, ya ɗaure jakin da jijiyar sa. Ban taɓa ganin ya yi wa wani abu wahala haka ba, har gona ya bari. Ta riƙe tsirkiya huɗu, muryarta kamar ana buga langa. Isiyaku ya yi godiya, ya aiko Kulu da kwanon alkama. Na yi alkaki da ita, yara suka ci, Malam ya ce haƙorinsa ba ya son zaƙi.

Kwalbati ya yi shiru. Na zaci hankalin Malam zai kwanta, ai abin da yake so ke nan. Aka ci gaba da aiko masa da goro jefi-jefi, yana zuwa, yana dawowa. Amma na lura ya daina jingina garayar a danga in Isiyaku zai wuce. Ta bayan ɗaki yake kai ta.

Bai cika shekara biyu ba bayan haka zazzaɓi ya kwantar da shi. Kullum sai ya tambaya, "Isiyaku ya zo?" In ya zo kuma sai ya ce bawa ya zo gaida ubangidansa, su yi dariya, Isiyaku ya tafi. Sau uku ina ganin bakinsa ya motsa zai faɗa, ya haɗiye. Ranar Talata da hantsi ya cika.

Da aka fito da shi, liman ya tambaya ko akwai mai haƙƙi a kansa. Daga cikin gida na ji muryar Isiyaku ta fi ta kowa: "Babu komai tsakaninmu sai alheri, na yafe!" Mata suna kuka, ni kuwa abin da ke raina daban. Mutum zai yafe abin da bai san an yi masa ba? Malamai sun ce abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa mai sauƙi ne, haƙƙin mutum kuwa sai mai shi ya yafe. Wata huɗu da kwana goma na takaba da wannan na yi su.

Ranar da na fita, gidansu na fara zuwa. Na ce Kulu ta zauna ta ji. Na faɗa masa duka, tun daga maganar bakin murhu har zuwa rariya. Jitar tana rataye a bango, ƙura ta rufe ta.

Ya daɗe yana juya makullin ruwa a hannunsa.

"Ya sani," ya ce. "Sati uku yana gyara, ina kawo masa goro, ya sani."

"Ya sani. Ni ma na sani."

"Alkamata ta shekara guda, Saude."

Ya ajiye makullin a gefensa.

"Ni ma ba don Allah na kai masa shawarar ba," ya ce. "Kuku ya riga ya ce min lafiyarta ƙalau. So nake ya riƙe ta a hannunsa, ya ji, sannan ya miƙo min. Tun muna yara ni ɗan kawun mai garaya ne, ba ni da wani suna." Ya miƙe. "Amma ni ban fasa masa komai ba. Ki tafi gida. Ba yau ba."

Na tafi. Kwana tara ban ji ƙararrawar keke ba. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci ya yi sallama a zaure, bai zauna ba.

"Na yafe wa bawana, duniya da lahira. Ke ma haka. Amma garayar tawa ce."

Na tambayi 'yarmu Adama, tunda kayan gado ne, ta ce a ba Baba Isiyaku. Na sauko da ita na goge na miƙa masa.

Yanzu in ya rufe ruwa yana zama da ita a kan kwalbati. Tsirkiya biyu ma sun gagare shi, babu mai tsayawa ya saurara, Kulu ta ce kunnenta ya gaji. Jiya da hantsi na wuce ta ƙofar gidansu zan je Bunkure, na gan ta jingine a jikin danga tana shan rana, shi kuma yana tsugune a gefe, yana taɓa fatar da bayan hannu.