Ɗakin Kuku a Bayan Gidana

Gidan da gwamnati ta ba ni a Minna ya girme ni nesa ba kusa ba. Wani tsohon magini da ya zo gyaran rufi ya ce Turawan Ingila ne suka zana shi bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da su ma can suke ta gina ƙananan gidaje a gurbin waɗanda bam ya rusa. Na yarda da shi, don kana gani ka san mai zanen bai taɓa saukar da baƙon ƙauye ba. Ba zaure, ba tsakar gida, ka tura ƙofa sai ga ka a falo. Falon ma har da murhun jin ɗumi da bututun hayaƙi. A Minna fa! Mu dai takalma muke zubawa a ciki.

Can baya, kusa da bishiyar mangwaro, akwai ƙananan ɗakuna biyu, na kuku da na boyi. An nisanta su da gidan da gangan, kada Bature ya ji motsin masu yi masa aiki.

Da mahaifina ya rasu, na ɗauko Inna daga Bida, don hawan jini ya matsa mata, kuma ba mai kula da ita a can. Na ba ta ɗakin da ya fi kowanne girma, mai tagogin gilashi jere. Kwana uku tana zaune a bakin gado kamar mai jiran mota. Duk wanda ya bi ta baranda sai ya gan ta. Kicin kuwa mutum biyu ba sa juyawa a ciki, balle a ajiye turmi.

Rana ta huɗu na dawo daga ofis na tarar ta kwashe kayanta zuwa ɗakin kuku. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na ce, "Haba Inna! So kike a ce na ajiye uwata a ɗakin 'yan aiki?"

Ta ce, "Wa zai ce?"

"Duk Bida."

Ban saurare ta ba, na kinkimi kayan da kaina na mayar ciki. Da safe na iske ta ɗaure ƙullinta, ta yafa mayafi. Ba faɗa, ba hawaye. Ta ce, "A kai ni tasha." Na san Inna ba ta maimaita magana. Ni na sake kwashe kayan na kai baya, matata tana ƙunshe dariya.

Cikin mako guda ta sa an kewaye gefe ɗaya da zana, ta kafa murhu, turmi ya samu wuri. Matan maƙwabta suka gane hanya. Baƙi suka daina buga ƙofar falo, sai su zagaya. Ta yi ƙiba, har maganin ma ta riƙa sha ba gardama.

Ni dai abin bai bar ni ba. Shekara huɗu ta yi a ɗakin, ban taɓa shiga na zauna ba. Daga bakin ƙofa nake durƙusawa in gaishe ta in wuce, wai ni mai jin kunya. Wauta ce kawai, yau na sani.

Bayan sadakar bakwai ɗinta na shiga haɗa kayanta. Na zauna a kan tabarmarta, na ɗaga kai, sai ga ƙofar shigowa gidan sosai a gabana, har inda nake ajiye mota. Ashe haka aka saita ɗakin tun asali, don kuku ya hango dawowar maigida ya ɗora shayi. Daga babban ɗakin da na ba ta kuwa, katanga kaɗai ake gani.

Matata ta leƙo ta same ni a haka. Ta ce, "Ai nan take zama tun la'asar. Ba ta taɓa sa hannu a tuwo ba sai ta ga motarka ta shigo."

Na tambaye ta ranakun da nake biyawa hira in yi latti fa. Ta ce, "Sai tuwon ya huce."